Inda Kaset Ya Yanke

A sashen nazarin harsuna babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Malam Ƙarasa ake ce masa. Ɗalibai suka laƙaba masa, har masinjan ofis ya ɗauka. Dalili kuwa, mutum ne da ba ya katse wa kowa magana. Ɗalibi zai miƙe a aji ya fara tambaya, ya ɓace a tsakiya, ya shiga kame-kame, 'yan aji su fara ƙus-ƙus. Shi kuwa Malam sai ya harɗe hannuwa, ya ɗan karkata kai, ya ce, "Ƙarasa, ina jin ka." Ko maigadi ne ya tare shi da labarin ciwon gwiwarsa, haka zai tsaya da jaka a hannu sai an kai aya. Matarsa ta ce famfon kicin ma da ke ɗiga tun bara, Malam bai kira mai gyara ba ne don yana jira ya ƙarasa.

A shagon gyaran rediyo ya tashi, a ƙarƙashin teburin mahaifinsa, cikin muryoyin mutanen da bai taɓa gani ba. Can kunnensa ya buɗe. Da ya shiga jami'a ya ji wai akwai karatun da aikinsa kawai a saurari yadda mutane ke magana, sai ya ce ya samu wurin zama. Ya kuwa zauna. Ya iya koyarwa, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba, amma rubutu ya gagare shi. Abokan karatunsa suka zama farfesoshi, suka yi tumbi, shi yana nan kan matakin da aka ɗauke shi, da tsohuwar jakarsa mai tsinkakken hannu. Shugaban sashen na yanzu ma ɗalibinsa ne, kuma ba cikin masu ƙoƙarin ba.

Sai jami'a ta fito da sabuwar doka: duk malamin da ya daɗe a mataki ɗaya ba shi da maƙala a mujallar da duniya ta sani, ba za a sabunta masa aiki ba. Gidan da Malam yake ciki kuwa na jami'a ne. Ke nan idan aiki ya tafi, ɗakunan da ya reni 'ya'yansa a ciki sun tafi. Kwamitin da zai duba takardun kowa zai zauna a wata mai kamawa.

Maƙala ɗaya tak Malam yake da ita a duniya, kuma a kan autarsa ya rubuta ta.

Auta ta taso da in'ina. Tun tana ƙarama kalma kan maƙale mata a baki, ta yi ta kokawa da ita, jijiyar wuyanta ta tashi. Yayyenta sukan ƙarasa mata maganar don su huta. Mamanta takan ce, "Yi a hankali, 'yar nan," wanda bai taɓa taimakon kowa ba. Wuri ɗaya take samun sauƙi, ɗakin karatun Babanta. Kullum ta dawo makaranta sai ta jefar da jaka ta shige can, ta zauna kan ƙaramar kujera kusa da gwiwarsa, ta ba shi labarin ranar. Ba ya sa mata baki, ba ya kallon agogo. Abin da ba ta sani ba shi ne, aljihun teburin da yake bari a ɗan buɗe akwai rakoda a ciki, wata ƙarama da ya gada daga shagon mahaifinsa, tana juyawa.

Da farko ya ce don ya kai wa likita ne. Daga baya abin ya zama aiki. Kasakasai suka cika kwali, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rubuta inda harshenta ke sarƙewa da inda yake sakinta. Ya gano cewa iya tsawon shirun mai sauraro, iya sauƙin da maganar ke fita. A kan wannan ya gina maƙalarsa. Matarsa ta sani, ta kuma gaya masa tun a lokacin, "Malam, ka faɗa wa yarinyar nan." Ya ce sai ta ƙara wayo. Ta ƙara wayo, ta gama makaranta, ta kama aiki a shagon tabarau, yana nan yana cewa sai ta ƙara wayo.

Da dokar ta matso, ya kakkaɓe rubutun ya aika wa mujallar. Kai, duk wanda ya ƙirƙiro shafin aikawar nan, Allah ya isa tsakaninsa da tsofaffin malamai! Ka cika nan, can ya yi ja. Ka gyara can, ya ce taƙaitawarka ta yi tsawo. Ya cire sunansa daga ko'ina kamar yadda suka ce, don kada masu tantancewa su san mai rubutun. Auta ma ta koma "yarinyar" kawai. Ya aika, ya shiga jira. Makonni yana buɗe shafin da safe kafin ya sha shayi, kullum amsa ɗaya: ana dubawa.

Ranar da amsar ta zo yana ofis, fankar sama tana ƙara ba iska. Mai tantancewa na farko ya yaba. Na biyu kuwa, da alama da ciwon haƙori ya karanta. Ya ce kaset ɗin da ya fi kowanne muhimmanci, wanda yarinyar ta fi daɗewa tana magana a ciki, ya yanke a tsakiyar jimla, kuma marubucin bai ce komai ba. "Wannan sakaci ne," in ji shi, "mai bincike na ƙwarai zai tashi ya juya kaset." Malam ya haɗiye wannan, domin shi ma ya daɗe yana ganin hakan a matsayin babban aibin aikinsa. Ya gangara ƙasa zuwa bayanin edita. An karɓi maƙalar, in an yi gyara. Sai dai mujallar tana da sharaɗi biyu. Dole a ɗora muryoyin a rumbunta, inda duk mai bincike zai iya saurara. Kuma tunda wadda aka ɗauka ta girma, dole ta sa hannu da kanta cewa ta yarda. Duk kaset ɗin da ba ta yarda da shi ba, a cire shi daga maƙalar baki ɗaya. An ba shi zuwa ƙarshen mako.

Ya cire tabarau, wanda Autar ce ta yanka masa gilashinsa, ya goge, ya mayar, ya sake karantawa. Rubutun bai canza ba.

Shugaban sashe ya leƙo da fara'arsa, ya ji labari, ya tafa hannu. "Malam, barka! Ai shi ke nan, mun tsira da kai."

"Akwai maganar sa hannu."

"Sa hannun wa? Ba 'yarka ba ce? Lokacin da ka ɗauka ai ƙarama ce, yardar uba ta wadatar." Ya tura ƙofa ya rage murya. "Malam, kai ka koyar da ni, ba zan yi maka ƙarya ba. Kwamitin nan ba su da imani. Takarda ce fa guda. Wa ya san yadda 'yarka take sa hannu? Editan da ke wata uwa duniya ne zai zo ya duba?"

Malam bai katse shi ba, ya bar shi ya ƙarasa. Abin haushin shi ne, maganar ta shige shi. Bayan shugaban ya fita, ya buga takardar, ya ajiye a gabansa, ya ɗauki biro. Ya san sa hannun Auta sarai, harafin farko babba, sauran a kwance. Ya gwada a bayan wani ambulan, ya fito daidai har ya tsorata. Sai ya tuna muryar za ta zauna a intanet, wata rana wani ɗalibi ya kunna ta a aji a wata ƙasa, 'yarsa tana kuka tana kokawa da kalma, ita kuwa tana shago ba ta sani ba. Ya yayyaga ambulan ɗin, ya cusa a aljihu don kada masinja ya gani a kwandon shara.

A gida matarsa ta saurare shi tana ninke kayan wanki. Ba ta ce "na gaya maka" ba, amma yadda take kaɗa zanin gado ya faɗa.

"Ko ke za ki yi mata magana?" ya ce.

"Ni? Ni na ɓoye rakoda a aljihun tebur?" Ta ajiye zanin. "Malam, ina son gidan nan, kuma ban san inda za mu kwashe tarkacen littattafanka mu kai ba. Amma ka sani, yarinyar nan duk wanda ya zo neman aurenta da kai take auna shi. Ta ce ita sai mai sauraro irin Babanta. Ka je ka gaya mata da bakinka."

Ya kwana biyu yana ɗaukar waya yana ajiyewa. Sai da mako ya zo gangara, ya ga babu sauran wurin ɓuya, sannan ya sa takardar a jaka ya nufi shagon tabarau.

Shagon ƙarami ne, madubai ta ko'ina, duk inda ya juya sai ya ga tsoho mai zufa yana kallonsa. Auta tana can ciki wajen injin yankan gilashi, da farar riga. Maganarta ta yi sauƙi yanzu, sai in ranta ya ɓaci in'inar ke dawowa. Tana ganinsa ta yi murmushi. "Baba! Ka sake zama kan tabarau ɗin ne?"

"A'a. Magana ce."

Ta ja masa kujera a bayan teburin shagon. Ya fara daga nesa, dokar jami'a, kwamiti, mujalla. Ta yi murna har ta riƙe masa hannu. Ta ce a kan me ya rubuta. Nan bakinsa ya yi nauyi. Ya faɗa dai, a gutsure: ɗakin karatu, aljihun tebur, rakoda, kwalin kasakasai.

Ta saki hannunsa a hankali. "Tun yaushe?"

"Tun kina aji ɗaya."

"Kullum?"

"Kusan kullum."

Injin yana ta gurnani a bayanta, ta miƙa hannu ta kashe. Ta buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. Jijiyar wuyan nan ta tashi, wadda ya yi shekaru bai gani ba. Ya yi abin da ya saba, ya karkata kai ya jira. Sai ya ga ta kalli karkatar kan nasa kamar yau ta fara ganinta.

"Da-da-daina," ta ce. "Daina yi mini wannan kan. A-ashe aiki kake yi."

Wata mata ta shigo karɓar tabarau. Auta ta goge fuska, ta je ta sallame ta cikin ladabi, ta dawo. Ba ta zauna ba. Ta ce zai iya tafiya, za ta biyo gida in ta tashi, kuma tana so ta ji kasakasan da kunnenta. Ya ajiye takardar kan teburin shagon, ta ce ya ɗauki abarsa.

Da la'asar ta zo. Ba ta tsaya cin komai ba, ta gaida Mamanta ta wuce ɗakin karatu. Malam ya riga ya sauko da kwalin, ya sa wa rakodar sababbin batura. Ƙaramar kujerar tana nan a lungu da littattafai a kanta. Auta ta kalle ta, ta zauna a kan tebur. Mama ta tsaya a bakin ƙofa da tsumma a hannu, ta kasa shiga ta kasa tafiya.

Ta ɗauki kaset ta sa. Wata siririyar murya ta cika ɗakin tana ba da labarin wani ƙadangare da ya shiga aji. Ta cire, ta sa wani. Ta sa wani. Fuskarta ba ta nuna komai ba, shi kuwa Malam zufa har cikin takalmi. Can ta ɗago wanda ya fi kowanne tsufa a hannu, takardar jikinsa duk ta sha biro.

"Wannan fa?"

"Shi ne ginshiƙin maƙalar," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Ta danna. Yarinyar ciki kuka take yi. Malamar aji ta tashe ta karatu, ta maƙale a layin farko, malama ta ce wata ta karɓa, aji ya fashe da dariya. Kowace kalma sai ta yi dambe da ita kafin ta fito. Tsakanin kalma da kalma shiru ne mai tsawo, ba a jin komai sai numfashin mutum babba. Sau ɗaya muryar Malam ta fito, tana cewa, "Ƙarasa, ina jin ki." Mama ta toshe baki da tsumman. Yarinyar ta ce, "Baba, jiya kuma da-da-da na shiga bayi sai na..." Sai ƙarar ƙas, kaset ya kai ƙarshe.

Auta ta juya shi ta danna. Babu komai a ɗaya gefen, sai huci.

"Ina sauran?"

"Babu. Nan ya yanke."

"Ka ji lokacin da ya yanke?"

"Na ji."

"Me ya hana ka juyawa?"

Ya kalli ƙasa. "Kanki yana kan gwiwata. Da na motsa, da kin yi shiru."

Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yarda ba tukuna, ya gani a idonta, kuma bai ga laifinta ba. Mutumin da ya ɓoye rakoda shekara da shekaru, me zai hana shi shirya amsa mai daɗi a hanya?

"To," ta ce. "Ni na tuna ranar. Na daɗe ina magana bayan nan. Rakoda ba ta ɗauka ba, ba ka rubuta ba, ba shi da amfani a aikinka. Me na ce?"

Malam Ƙarasa, wanda ya shekara aru-aru yana magana gaban aji ba takarda, ya buɗe baki ya ji harshensa ya zama katako. "Kin ce... kin ce..." Ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Mama ta matso za ta sa baki, Auta ta ɗaga mata hannu ba tare da ta waiwaya ba. Ɗakin ya yi tsit, har ɗigar famfon kicin ana ji.

"Ƙarasa, Baba," ta ce.

Ya ja numfashi. "Kin ce kin shiga bayi kin ciji harshenki da gangan har ya yi jini, don ki nuna wa malama ki ce ciwo ne, kada ta tashe ki karatu. Kika buɗe baki kika nuna mini wurin, a gefen hagu. Kika ce kada in gaya wa Mamanki. Kika tambaye ni ko a asibiti ana canza wa mutum harshe. Kika ce in kin girma za ki nemi aikin da ba a magana. Sannan kika ce maɓallin takalminki ya ɓalle, yana cikin aljihun jakarki, in gyara miki kafin gobe."

"Wayyo Allah," in ji Mama daga bakin ƙofa. "Ban taɓa sani ba."

"Ta ce kada in faɗa," ya ce.

Auta ta sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga kan farar rigarta, ba ta share ba. Ta cire kaset ɗin daga rakodar, ta juya shi a hannu.

"Ina takardar?"

Ya zaro ta daga jaka ya miƙa mata. Ta karanta tun daga sama har ƙasa, ba gaggawa, kamar yadda take duba takardar likitan ido. Ta ɗauki biro ta sa hannu, harafin farko babba, sauran a kwance. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya da rubutunta, cewa ban da kaset guda.

"Su ji labarin ƙadangare," ta ce. "Su ji duk sauran, in zai taimaki wani yaro. Wannan nawa ne."

Ya san abin da hakan ke nufi. Shafukan da ya fi alfahari da su za su fita, maƙalar za ta rame, mai ciwon haƙorin nan zai iya cewa abin da ya rage bai kai ba. Ya ce, "To."

"Kuma ban huce ba, Baba. Kada ka ɗauka na huce."

"Na sani."

Washegari da hantsi ya zauna a ofis ya goge sashen gaba ɗaya. A wurin amsa wa mai tantancewa na biyu, inda ya ce sakaci ne, Malam ya rubuta cewa an cire kaset ɗin bisa buƙatar mai muryar, bai ƙara ko kalma ba. Ya ɗora sauran muryoyin, ya ɗora takardar, shafin ya yi ja sau biyu don ya saba, sannan ya karɓa. Shugaban sashe da ya ji abin da aka cire ya kama kai ya ce Malam ya yanka wa kansa ƙafa ana gobe tsere. Malam ya bar shi ya ƙarasa.

Da yamma yana ɗakin karatu sai ya ji sallamarta a tsakar gida. Ta shigo da jakar aiki a kafaɗa, ba murmushi. Ta zagaya bayan tebur, ta ja aljihun ya buɗe gaba ɗaya, ta leƙa. Biro ne da tsofaffin makullai. Ta mayar ta rufe shi ruf, ta kwashe littattafan da ke kan ƙaramar kujerar ta zube a ƙasa, ta jawo ta kusa da gwiwarsa. Kujerar ta yi mata kaɗan, ta zauna a haka.

"Yau wani mutum ya zo shago," ta ce, "wai ta-ta-tabarau ɗinsa..."

Kalmar ta maƙale. Malam ya ji kansa zai karkata, ya riƙe shi da ƙyar. Ya ɗora hannuwansa biyu a kan gwiwa, inda za ta gan su, ya jira.